A Ƙwace Musu Wayar, Sai Kuma Me?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce a wajen wani ɗaurin aure, muna zaune ƙarƙashin rumfa ana jiran abinci, sai hira ta gangaro kan yaran jami'a da zanga-zanga. Wani dattijo, tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ya gyara zaman hularsa ya ce shi fa tuni ya gano bakin zaren. "Wayar nan ce ta haukata su. Wallahi da ni ke da iko a kashe intanet wata guda, a karɓe wayoyin, ku ga in wani zai sake fitowa titi." Kowa ya ɗauka, haka ne Alhaji, gaskiya ne Alhaji. Abin haushi abin dariya, yana rufe baki ya zaro tasa wayar ya kunna mana bidiyon wani mutum yana ta surfa wa gwamnati zagi, ya ce ku ji fa, tun jiya nake ta maimaita shi.

Ban tanka ba, ba a yi wa babba gardama a gaban mutane, kuma ga shinkafa ta iso. Amma maganar ta biyo ni har gida.

Ni dai ga inda na tsaya. Waya tana da laifi, ba zan wanke ta ba. Sai dai laifin nata ba wanda Alhaji yake nufi ba ne. Fushin ɗalibi daga aljihunsa yake fitowa, da cikinsa, da abin da idonsa ya gani. Aikin wayar shi ne ta yi ta fama masa ciwon dare da rana, ta hana shi barci, ta haɗa shi da waɗanda suka fi shi zafi, har ya kai matsayin da ba ya jin maganar kowa. Yaron da ya dawo daga zanga-zanga ya zama wani mutum daban, sau da yawa mara lafiya ne tun kafin mu fara kiransa mai tsattsauran ra'ayi, mu kuma ba mu tanadar masa komai ba sai zagi da barazana.

Abin da na gani a gidanmu

Akwai ɗan yayata, lokacin yana aji uku a wata jami'a. Yaro ne mai barkwanci, irin wanda in ya shigo gida sai kowa ya san ya shigo. Ranar 1 ga Agustan 2024 da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a Najeriya ya fita da kwalinsa shi da abokansa, uwarsa ta hana ya ce yanzu zai dawo. Da azahar abu ya rikice, barkonon tsohuwa, gudu, harbi, wani da ke gefensa ya faɗi bai tashi ba. Ya dawo gida da yamma ba takalmi, idonsa jajir, aka ce alhamdulillahi ya dawo lafiya, aka ba shi tuwo, shi ke nan a wajenmu magana ta ƙare.

Ashe a lokacin ta fara. Aka sa dokar hana fita ta awa 24, ba makaranta, ba majalisa, ba ƙwallo, daga shi sai ɗaki sai waya. Ƙarfe uku na dare in uwarsa ta fito sai ta ga haske ta ƙasan ƙofa. Bidiyon gawa ɗaya zai kalla sau ashirin, daga wannan guruf a turo, daga wancan a sake turowa an ɗora masa waƙa mai sa kuka, wani ma ba na garinmu ba ne, wani ba na shekarar ba ne, amma wa ke da lokacin bincike. Ya rame. Abinci sai an yi faɗa. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ai gudu yake. Abokansa da suka ce su kam sun haƙura ya kira su munafukai ya goge lambobinsu.

Ranar da na zaunar da shi, abin da ya ce min shi ne, "Kawu, ku ne kuka sayar da mu, ku kun ci naku lokacin." Wannan bai dame ni ba, mu ma mun faɗa wa namu iyayen irinta. Wadda ta tsaya min a rai ita ce da ya ce, "In ma an kashe ni, meye?" A hankali ya faɗe ta, ba ihu, kamar mai tambayar farashin gishiri.

A wajena wannan shi ne tsattsauran ra'ayin da ya kamata a ji tsoro. Neman a rage kuɗin makaranta ko a dawo da tallafin mai, ko ma a ce shugaba ya sauka, duk buƙata ce, a yarda ko a ƙi. Amma in yaro ya kai inda ransa ba ya da daraja a idonsa, kuma duk wanda bai bi shi ba maƙiyi ne, to duk wanda ya zo da tuta ko wace iri ce zai iya tafiya da shi.

"Mu a zamaninmu ba haka muke ba"

Wannan ce maganar da manya suka fi so, kuma da girmamawa nake cewa ba gaskiya ba ce.

A watan Afrilun 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙara kuɗin abinci da na ɗaki a jami'o'i, ɗalibai suka fito a faɗin ƙasa suna kiran sai kwamishinan ilimi na tarayya Kanal Ahmadu Ali ya sauka. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa da Segun Okeowo ke jagoranta. A watan Mayun 1986 aka sake zubar da jinin ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello zamanin shugabanta Farfesa Ango Abdullahi, rikicin ya bazu zuwa wasu jami'o'in. A Yamai, ranar 9 ga Fabrairun 1990, zamanin Janar Ali Saibou, aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy, kuma har yau ɗaliban Nijar suna tunawa da ranar duk shekara. Wace waya ce ta tura waɗannan? Lokacin ko wayar girke sai gidan wane da wane. Takarda ake bugawa a liƙa a bango da daddare, da safe an cika fili.

Kuma da yawan dattawan da ke cewa a ƙwace waya yau, in ka lissafa shekarunsu, su ne samarin wancan lokacin.

Amma akwai bambanci, kuma nan ne nake ba Alhaji rabin gaskiyarsa. Ɗalibin 1978 in aka rufe makaranta mota yake shiga ya koma ƙauyensu. Ya tarar da noma, da kakarsa, da mutanen da ba su ma san wane ne Ahmadu Ali ba. Labari sai a rediyo ko jarida in ta iso bayan kwana biyu. Dole zuciyarsa ta sauka, ko yana so ko ba ya so. Ɗalibin yau in ya koma gida zanga-zangar tana aljihunsa, tana ƙarƙashin filo, tana shiga bayi tare da shi. Shi ba a taɓa tashi daga filin ba.

Yadda wayar ke aikinta

Ba sihiri ba ne, kasuwanci ne. Facebook da TikTok da X da sauransu talla suke sayarwa, kuma tallar tana tsada ne gwargwadon daɗewarka kana kallo. Na'urar da ke zaɓar maka abin da za ka gani ba ruwanta da gaskiya ko ƙarya, abin da ta sani shi ne a kan me ka tsaya, me ka maimaita, me ka tura wa wani. Kuma ba abin da ke tsayar da ɗan Adam kamar tsoro da haushi. A 2021 takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar Facebook Frances Haugen ta fitar sun nuna cewa akwai lokacin da kamfanin yake ba alamomin nan na fuska, har da ta fushi, nauyin layik biyar wajen yanke abin da zai yaɗu. Wato in abu ya fusata mutane shi ne za a ƙara tura wa wasu.

To ka ɗauki yaron da ya ga mutuwa da idonsa ka ajiye shi a gaban wannan injin. Ya tsaya a kan bidiyon harbi ɗaya, a kawo masa goma. Ya kalli goman, a kawo masa wanda ke bayanin cewa duk shiri ne, sai wanda ke cewa zaɓe ɓata lokaci ne, sai wanda ke cewa magani ɗaya ne kawai. Ba wanda ya zauna ya tsara masa wannan hanyar da sunansa, shi da kansa yake taka matakalar ba tare da ya sani ba.

Sai kuma guruf, wanda ni a ganina ya ma fi injin haɗari. A guruf ɗin zanga-zanga mai sanyin magana ba ya daɗewa. Wanda ya ce mu dakata mu yi tunani, a ce an saye shi. Wanda ya ce wannan hoton fa na bogi ne, a ce ɗan leƙen asiri ne, adimin ya cire shi. A hankali masu hankalin su yi shiru ko su fice, a bar masu zafin suna gasar wa ya fi wani zafi, kowa na tsoron a ce ya karaya. Yaro ɗan shekara ashirin kunyar abokansa ta fi masa tsoron harsashi, duk wanda ya taɓa zama saurayi ya san haka.

Ga rashin barci a kai. Wannan ba sai likita ya faɗa maka ba, kai ma kwana biyu ba barci ka ga yadda za ka yi wa iyalinka magana. Balle sati uku.

Mu ƙara da zaman banza, don shi ne takin duka. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba, bayan wanda aka yi a 2020 da ya cinye kusan shekarar gaba ɗaya. Karatun shekara huɗu ya koma shida, yaro yana gida ba aiki ba sana'a, ƙannensa na yi masa kallon wanda ya rasa abin yi, abin da kawai yake iya saya shi ne data ta naira ɗari biyu. Wa muke so ya yi hira da shi in ba wayar ba?

Hong Kong

Na kawo nan ne don a can an tsaya an auna abin, ba hirar rumfa ba. A 2019 mutanen Hong Kong suka fito kan wani ƙudurin doka da zai ba da damar miƙa waɗanda ake tuhuma ga China. A farko tattaki ne na lumana, iyaye da yara, mutane maƙil a titi. Ba su da shugaba guda, ta Telegram da wani dandalin garin suke shirya komai. Gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, 'yan sanda suka ƙara ƙarfi, matasan su ma suka ƙara. Ko da aka janye ƙudurin a hukumance a watan Oktoba, tuni magana ta wuce nan. Zuwa Nuwamba ɗalibai sun mai da jami'ar fasaha ta garin sansani, da kwalaben fetur da kwari da baka, 'yan sanda suka yi musu ƙawanya kusan sati biyu. Gaba ɗaya an kama sama da mutum 10,000 a wannan rikicin, kusan kashi 40 cikin ɗari ɗalibai ne.

A watan Janairun 2020 masu bincike na Jami'ar Hong Kong suka fitar da sakamako a mujallar likitoci ta Lancet. Sun daɗe suna bibiyar lafiyar baligan garin tun shekaru kafin rikicin, don haka suna da abin kwatantawa. Masu alamun ciwon damuwa mai tsanani sun tashi daga kusan kashi 2 cikin ɗari zuwa kashi 11. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana da alamun firgicin nan da ke bin wanda ya ga tashin hankali. Abubuwa uku ne suka fi jan hankalina a ciki. Masu shafe awa biyu ko fiye kullum a soshiyal midiya suna bin labarin rikicin sun fi shiga matsalar. Fita zanga-zangar ita kanta ba a same ta da alaƙa da ciwon damuwar ba. Sannan waɗanda ke samun tallafin iyali abin ya fi yi musu sauƙi.

Ka sake karanta na biyun da na ukun. Wanda yake kwance a ɗaki yana kallo zai iya fin wanda ya fita jikkata a zuci. Kuma abin da ya taimaka ba wani abu ne mai tsada ba, gida ne.

Na san binciken bai ce wayar ce ta jawo ciwon kai tsaye ba, mai yiwuwa wanda hankalinsa ya riga ya tashi shi ne ya fi manne wa wayar. Ni a abin da na gani a gidanmu, biyun suna ciyar da juna ne, damuwa ta kai shi ga waya, waya ta dawo da shi da damuwar da ta fi ta ɗazu.

"To a kashe netwok ɗin mana"

An gwada, ba sau ɗaya ba. Masar ta yanke intanet a ƙarshen Janairun 2011, mutanen da ke zaune a gida suna bin labari suka fito titi don su gani da idonsu, ranar 11 ga Fabrairu shugaban ƙasar Hosni Mubarak ya sauka. A Bangladesh a Yulin 2024 ɗalibai ne suka fara, a kan kason aikin gwamnati na kashi 30 da aka ware wa zuriyar waɗanda suka yi yaƙin 'yanci na 1971. Ranar 16 ga wata aka harbe wani ɗalibi mai suna Abu Sayed a Rangpur yana tsaye ya buɗe hannuwa, bidiyon ya zagaye ƙasar. Bayan kwana biyu gwamnati ta kashe intanet. Kotun ƙoli ma ta zaftare kason. Amma ina, ɗaliban da suka fito neman aiki yanzu gawawwakin abokansu suke ƙirgawa, buƙata ta koma guda ɗaya, ranar 5 ga Agusta firaminista Sheikh Hasina ta tsere Indiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta waɗanda aka kashe za su iya kai 1,400. A Nepal kuwa a Satumban 2025 rufe dandalin sada zumunta 26 ɗin shi ne ma ya zama ashanar, cikin kwana biyar an ƙona majalisa, firaminista ya ajiye aiki.

Mu nan ma an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, abin da ya faru kawai yara suka koyi amfani da VPN, manhajar da ake zagaye toshewar da ita.

A duk waɗannan wuraren ka duba me ya mai da ƙaramar buƙata ta zama "sai dai a mutu". Jini ne. Wayar ta yaɗa shi, ta maimaita shi, amma ba ita ta zubar ba. Wanda ke cewa a kashe intanet bai ce komai ba kan wanda ya ɗana kunamar bindiga, ya bar jaki yana dukan taiki.

Tutar Rasha

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai a zanga-zangar Agustan 2024 shi ne yaran da aka gani a Kano da Kaduna da wasu garuruwan suna ɗaga tutar Rasha, wasu na kiran soja su karɓi mulki. Har teloli aka kama. Nan kam ba zan musa ba, hannun waya a bayyane yake, tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 bidiyoyin yabon sojojin Sahel da Putin suka cika wayoyin mutane, da Hausa, da kiɗa, da fassarar da ba ka san wa ya yi ta ba. Yaron da bai taɓa rayuwa ƙarƙashin soja ba, bai san Abacha ba sai a labari, an nuna masa soja a matsayin mai ceto sau ɗari a wata.

Amma ka tambayi kanka me ya sa ya karɓa. Mai ƙoshi da ke da tabbacin gobensa ba ya ɗaukar tutar ƙasar da bai san inda take a taswira ba.

Kuma me aka yi da su? Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da gomman waɗanda aka kama a babbar kotun tarayya a Abuja, cikinsu da ƙananan yara, bisa tuhumar cin amanar ƙasa, bayan kusan wata uku a tsare. Wasu suka zube a ƙasa a cikin kotun saboda galabaita, aka sa belin naira miliyan 10 kowanne. Sai da duniya ta yi ca sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su. Wannan bidiyon na yara kwance a kotu, ka san sau nawa aka kalle shi a ɗakunan kwanan ɗalibai? Duk mai neman ya cusa wa matasa ƙiyayyar ƙasarsu ko miliyan nawa ya kashe ba zai haɗa tallar da ta kai wannan ba.

Su ma 'yan gwagwarmayar za su ji haushina

Na san abin da za su ce, don an taɓa faɗa min. "Wato mu mahaukata ne ke nan? Muna neman haƙƙinmu kana maganar asibiti?" Kuma tsoronsu yana da tushe, masu mulki sun iya wannan salon, a ce yaran ba su da hankali, ƙwaya ce, waya ce, zuga ce, don kada a amsa tambayar farashin buhun shinkafa.

Ni ban ce fushin ciwo ba ne. Wanda aka ninka masa kuɗin rajista, kuɗin mota ya ninka, babansa ya kasa, in bai yi fushi ba shi ne ma abin dubawa. Abin da nake cewa shi ne mutum zai iya zama da gaskiya kuma yana da rauni a lokaci guda. Sojan da ya dawo daga fagen daga yana firgita cikin barci ba wanda ke cewa yaƙin nasa ƙarya ne.

Kuma bari in faɗa wa shugabannin ɗalibai da masu dubban mabiya gaskiya, ku ma kuna da alhaki. Ku ne kuke tura hoton gawa ba ko rufe fuska don a samu sharhi. Ku ne kuke kiran wanda ya ce ya gaji matsoraci. Wasunku ma ba a ƙasar kuke ba, kuna ɗaki mai sanyi kuna rubuta "kada a ja da baya", ɗan talaka ne zai kwana a sel. Tafiyar da ta ƙone yaranta a sati biyu ba ta kai ko'ina, gwamnati ma ta san haka, shi ya sa take jira kawai ku gaji.

"Wannan ciwon Turawa ne"

Nan ne namu laifin, mu iyaye da kawunnai. In yaro ya ce ba ya iya barci, zuciyarsa na bugawa, sai mu ce rashin tawakkali ne, ko aljanu, ko a ce namiji ba ya raki. Addu'a magani ce, ban ja ba, amma wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a kuma mu kai shi wajen mai ɗori. A wajenmu lafiyar ƙwaƙwalwa tana nufin wanda ya yi tsirara a kasuwa, in bai kai nan ba lafiyarsa lau. Ka ce wa uwa a kai ɗanta ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kware ko Barnawa, abin da za ta fara tunani shi ne wa zai ba shi mata.

Ko an yarda a je ɗin ma, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu ficewa suke. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da dokar 1958 ta zamanin Turawa ake aiki. Jami'o'i suna da ofishin ba da shawara a takarda, amma ka tambayi ɗalibai goma ina yake ka ji amsa. Bayan kowace tarzoma abin da hukumar makaranta ta iya shi ne a rufe, a kafa kwamiti, a kori wasu, sauran su biya kuɗin ɓarna su sa hannu a takardar alƙawari. Ba mai tambayar wa ya ga an kashe abokinsa.

To in gida an ce masa rago, makaranta ta ce masa ɗan tarzoma, gwamnati ta ce masa maci amana, wuri ɗaya ne ya rage da ake ce masa jarumi, kuma a wayar yake. Sannan mu zo muna mamakin ya ƙi ajiye ta.

Shi dai ɗan yayata ba mu ƙwace wayarsa ba, uwarsa ta so, na ce in kika karɓa zai ari ta wani kuma kin rasa shi gaba ɗaya. Abin da aka yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Na riƙa ɗaukarsa zuwa shago da safe, ya yi min lissafi, mu ci abinci tare, in ya fara zagin gwamnati in bar shi ya gama, wani wajen ma in taya shi don gaskiya ya faɗa. Muka yi yarjejeniya wayar za ta riƙa kwana a caji a falo, tawa ma haka, wanda ni ya fi ba wahala in faɗi gaskiya. Sai da aka yi sati shida kafin ya ba ni labarin wanda ya faɗi a gefensa, ashe rigarsa ya riƙe suna gudu tare, bai ma san sunansa ba. Ya yi kuka a cikin mota, na kashe injin muka zauna. Daga baya wata 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya ta haɗa mu da likita, ya je sau huɗu, ba mu faɗa wa dangi ba don mun san halinmu.

Yanzu ya gama karatu yana jiran bautar ƙasa. Ra'ayinsa bai canza ba ko kaɗan, har yanzu yana cewa mu ne muka sayar da su, kuma ya ce in aka sake fita da shi za a yi. Ya dai koma cin abinci, ya nemo lambobin abokan nan da ya goge, biyu sun amsa, ɗaya har yau bai ɗauka ba.